Hanci Da Daɗin Miya: Aikin Da Ke Jiran Ɗaliban Azare

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Haka ne, gama gishiri ba shi da ƙamshi. Amma in aka zo kan miya ɗungum, to, hanci ya fi harshe sanin daɗinta.

Abin da harshe ke rarrabewa iri biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan na romo da daddawa, wanda Kikunae Ikeda na ƙasar Japan ya gano asalinsa a 1908. Man shanu da citta da kanumfari kuwa, hanci ke gane su. Idan mutum yana tauna, ƙamshi kan bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, sai mai ci ya zaci a harshe ya ji shi. Paul Rozin, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya yi bayanin wannan ruɗani a 1982. Dalilin ke nan da mai mura ke jin abinci lami.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan wasa. Jin ƙamshi yakan ragu da tsufa, cutar korona kuma ta raba mutane da yawa da shi a 2020. Dattijon da hancinsa ya dushe sai ya ture akushi, ya ce uwargida ta manta girki. Ita kuwa sai ta ƙara gishiri da magi, alhali ga hawan jini. Ga rama, ga ɓacin rai a gida, ba laifin kowa.

Akwai dabara. A 2009 Thomas Hummel da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka nuna cewa shinshina ƙamshi huɗu safe da yamma har mako 12 yana taimakon wasu. Biyu daga ciki, watau lemo da kanumfari, ba su da wuyar samu a kasuwar Azare.

To, wa zai binciko mana yadda lamarin yake a ƙasar Katagum? Ma'aunan gwada jin ƙamshi da aka fi aiki da su, da kayan Turawa aka tsara su. Tsohuwar Madara ko Chinade ba za ta iya faɗin sunan abin da ba ta taɓa shinshinawa ba. Ana bukatar ma'auni na daddawa da masoro da turaren wuta.

Wuraren yin aikin suna nan. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, inda masu neman zama malamai ke karanta ilimin halayya. Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021. Ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Cikas ɗaya shi ne, iyaye da dama suna zaton wannan fanni na masu taɓin hankali ne kurum, sai su hana yara. Nazarin gani da ji da ɗanɗano duk a cikinsa yake.

Muna kira ga malaman makarantun nan su ba ɗalibai wannan bincike, iyaye kuma su sakar musu mara. Kafin nan, maigida, in miya ta yi maka lami alhali ba mura, je ka ga likita kafin ka ga laifin uwargida.

Allah ya ƙara mana lafiya.