Wa zai ɗauki nauyin fito a Dam ɗin Challawa?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye a 1992, ruwan da ya taru ya shiga tsakanin ƙauyukan Karaye da na Rogo. Mai zuwa kasuwa ko gona a ƙetare, ko ya yi doguwar zagaye a kan babur, ko ya shiga kwalekwalen 'yan fito.

Kanawa ba su manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a Dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Gwamnatin Ganduje ta dakatar da fito a wurin, ta kafa kwamitin bincike.

A batun fiton Challawa, sayen jirgi ba shi ne wahalar ba. Ɗan siyasa na son bikin ƙaddamarwa. Wahalar ita ce man fetur, gyaran inji, albashin matuƙi da rigunan kariya bayan an kashe kyamara. Ƙauyawa ba za su iya biyan wannan da kuɗin fito kaɗai ba.

Dam ɗin Challawa na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, dokar sufurin ruwa kuma ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) ce. Ya kamata gwamnatin Kano ta zauna da su, ta ware wa fiton Challawa kaso a kasafin kuɗi, a ƙayyade adadin fasinja, a kuma horar da 'yan fiton da ke aikin yanzu maimakon a kore su.