Abarba da Kwakwa Ba Sai da Giya Ba

 

Yau maganar abin sha za mu yi. Duk mai zuwa bikin aure a 'yan shekarun nan, a nan Legas ko in an je gida, ya san an samu sabon yayi. A da robobin zoɓo da kunun aya da lemun kwalba ake jerawa. Yanzu kuwa sai a ware tebur guda, a ɗauko hayar samari masu farar riga, su yi ta girgiza gwangwani suna tsiyaya wani abu mai launi a dogayen kofuna, a soka yankin abarba a bakin kofin. Sunansa kwaktel, in kuma aka ce babu giya a ciki sai a kira shi moktel. Yaranmu da aka haifa a nan sun haddace sunayen tsaf: Pina Kolada, Mohito, Chapman. Iyayen da suka biya kuɗin kuwa, tambaye su me ke cikin kofin ka ji shiru.

Ra'ayina a nan shi ne, tsawa da harara ba za su raba yaranmu da wannan yayi ba, domin a garin da muke zaune kowace kwana ana sayar da shi. Abin da ya fi shi ne mu san da me ake haɗa shi, mu cire abin da bai halatta gare mu ba, sauran kuma mu haɗa da hannunmu a gida. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Mu ɗauki Pina Kolada, tunda shi ya fi suna. Asalinsa daga tsibirin Puerto Rico ne a yankin Karebiyan, ma'anar sunan kuma a harshen Sifaniyanci ita ce tatacciyar abarba. Otal ɗin Caribe Hilton da ke birnin San Juan na cewa wani ma'aikacinsa, Ramón Marrero, shi ya fara haɗa shi a 1954, ko da yake akwai wasu da ke ja da wannan. A 1978 aka ayyana shi a matsayin abin shan tsibirin a hukumance. Abu uku ne a cikinsa: ruwan abarba, madarar kwakwa, sai giyar da suke kira ram. Shi ma Mohito na ƙasar Kuba haka yake: lemun tsami, na'a-na'a, sukari, ruwan soda, sai ram ɗin. Mai karatu, ka duba jerin nan da kyau. In ka ɗebe abu guda, me ya rage wanda babu shi a kasuwar Ketu ko a baron ɗan uwanka mai sayar da kayan marmari a Pen Cinema?

Shi ram daga rake ake yin sa. Bayan an dafa ruwan rake an fitar da sukari, akwai baƙin ruwa mai danƙo da ke saura. Shi ake bari ya ruɓa, sannan a turara shi a tattara tururin, ya zama barasa mai ƙarfin kusan kashi 40 cikin 100. Wannan barasa tana da tarihi da mu, kuma tarihin ba mai daɗi ba ne. Gonakin raken Karebiyan da Burazil da gumin bayi aka noma su, kuma taba da barasar rake na cikin hajar da jiragen Bahiya ke kawowa gaɓar Ikko su musanya da mutane. Cikin waɗanda aka kwasa akwai Hausawa da yawa, har suka shirya tawaye a Bahiya a 1807, sannan a 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male. Saboda haka ko addini bai hana ba, ni dai ban ga abin da zai sa jikan Bahaushe ya yi tinƙaho da wannan kwalba ba.

Amma ba mutane kaɗai suka tsallaka tekun ba. Masana da dama na ganin a wannan zamanin ne zoɓo ya isa can daga Afirka. Har gobe mutanen Jamaika na dafa shi da citta lokacin Kirsimeti, wasunsu su zuba masa ram. A Meziko kuwa abin shan yau da kullum ne, kuma suna sayen busasshen zoɓo mai yawa daga Nijeriya, wanda manoman Jigawa da Kano da Katsina ke nomawa. Wato dai kayanmu ne ke zuwa can, a sauya masa suna da kofi, ya dawo mana da tsada.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Chapman ɗan gida ne, a nan Legas aka ƙirƙiro shi, har ana danganta shi da Ikoyi Club, kuma kusan kowa na ɗaukar sa a matsayin lemo. Fanta ne da Sprite da jan ruwan zaƙi da yankan kokwamba da lemo. Sai dai a haɗinsa na asali ana ɗiga wani ruwa mai ɗaci daga wata 'yar kwalba mai suna Angostura, wanda a jikin takardarsa an rubuta kashi 44.7 cikin 100 barasa ne. Gaskiya ne ɗigo kaɗan ake sawa, kuma ba kowane mai haɗawa ke sawa ba. Hukuncin wannan ɗigo magana ce ta malamai, kowa ya tambayi malaminsa. Nawa dai shi ne, bai kamata uba ya biya kuɗi a shayar da baƙinsa abin da bai sani ba. Idan ka ɗauko masu haɗawa, ka ce su jera maka kwalabensu ka karanta. Ba ƙauyanci ba ne, haƙƙinka ne.

To, ga yadda za a haɗa namu a gida, wanda zai ishi mutum biyar ko shida. A samu nunanniyar abarba guda babba. 'Yar Kwatano ta fi zaƙi, da ita ba sai an sha wahalar sukari ba. A fere ta, a yanka, a markaɗa a bilenda, a tace da rariya. A fasa ƙosasshiyar kwakwa guda, irin wadda ake kawowa daga Badagry, a kankare bayan, a yayyanka ƙanana, a markaɗa da ruwan ɗumi kofi ɗaya, a matse a kyalle mai tsabta. Wannan farin ruwan shi ne madarar kwakwa. Ma'aunin da aka saba shi ne kofi 3 na ruwan abarba, kofi 1 na madarar kwakwa.

Saura gurbin ram. A nan ne muka fi su sa'a, domin muna da mazarƙwaila, wadda ita ma daga rake take, ta kuma zo da ƙamshin nan na dafaffen rake ba tare da an bar ta ta ruɓa ba. Mutanen Maƙarfi da ƙasar Zazzau sun san abin da nake nufi, kuma ba ta wuyar samu a wajen 'yan uwanmu masu kayan Arewa. A narka ƙaramin curi a rabin kofin ruwa bisa wuta, a jefa ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa da kanumfari guda 4, a bari ya tafasa na minti 5, a tace, a bari ya huce. A zuba shi kaɗan kaɗan ana ɗanɗanawa, a matse lemun tsami ɗaya, a sa ƙanƙara, a sake kaɗawa a bilenda har ya yi kumfa. Shi ke nan. Mai son ja sai ya tsiyaya dafaffen zoɓo mai kauri a sama.

Akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Na farko, kada a sa madarar shanu a maimakon ta kwakwa, domin ɗanyar abarba na tsinka madara ta sa ta ɗaci. Na biyu, a sha a ranar. Ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi in ya kwana a zafin Legas, ga shi wuta ba tabbas, da kansa yake fara tsami yana juyawa, abin da aka gudu sai a tarar da shi a cikin firij. Na uku kuma shi ne ruwa da ƙanƙara. Kada mu manta, a watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun alaƙanta wasu daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa da wani kunun aya na roba marar rajista. Haɗin gida ba ya zama mai tsabta don kawai a gida aka yi shi. A tafasa ruwan, a wanke robobi, a san inda ƙanƙarar ta fito. Sannan a sassauta zaƙi, domin shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kuma zaƙin ruwan 'ya'yan itace ma yana cikin lissafin.

Na san wani zai ce, ai ko babu giya wannan kwaikwayon mashaya ne, yaron da ya saba da kofin wata rana zai nemi na ainihin. Wannan magana abin dubawa ce, ban raina ta ba. Amma a ganina abin da ke jan yaro shi ne ɓoyo da sunan Turanci da tunanin cewa wani abu ne na manyan mutane da gidansu ba a iya ba. Ranar da ya ga mahaifiyarsa ta haɗa shi a kicin, ya taya ta matse kwakwa, aka zuba masa a kofin da yake shan koko, kwarjinin abin ya faɗi. Mu kira shi abarba da kwakwa, kamar yadda muke cewa fura da nono. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma, ga zoɓo ga kunun aya ga lemun citta, babu dole.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu mata da ƙannenmu da ke sana'ar zoɓo a Zango. Kuɗin da ake biyan masu farar rigar nan a bikinmu, ku ya kamata su shiga hannunku. Kun fi su sanin citta da kanumfari, abin da suka fi ku kawai shi ne kofi mai kyau da tsari. Kakanninmu da suka kafa Zango kan fataucin goro ba su tsaya kallo ba, sun duba abin da gari ke so suka kawo shi ta hanyar halal. Mu ma masu biki mu riƙa tunawa da na gida idan za mu ba da kwangila.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.