Darajar Ƙaro Tana Ɗakin Bincike

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaga buhun ƙaro a Maigatari ko Gamboru ya san cewa ba kowane ƙaro ne ke da kuɗi ɗaya ba. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, wasu masana ilimin sinadarai a Khartoum suna cikin waɗanda suka gina wannan bambanci na farashi, kuma a yau aikin nasu yana cikin hatsari.

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, Sudan ce ke samar da wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙaron da duniya ke saye, wanda ake sanyawa a lemon kwalba da alewa da magunguna. Saboda tsananin bukatarsa, ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 sai ta bar wa ƙaro ƙofa a buɗe.

To amma kamfani a Faransa ba da ido yake saye ba, sai ya ga sakamakon gwaji. A nan ne aikin malaman Sudan ya shigo. A 1993 M. E. Osman, masanin sinadarai ɗan Sudan, tare da abokan aikinsa a Birtaniya, ya wallafa binciken da ya fayyace abin da ƙaron kasuwa ya ƙunsa. A 1998 kuma K. A. Karamalla na Jami'ar Khartoum da abokansa suka fitar da sakamakon gwajin ƙaron da aka tattaro a sassan Sudan tsakanin 1993 da 1995. Irin wannan aiki ne ke raba ƙaron ɗakwara, wanda 'yan Sudan ke kira hashab, da na dushe, wato talha. Idan aka narkar da su aka haska a na'ura, na ɗakwara yana karkatar da haske hagu, na dushe kuwa dama. Ke nan wanda ya gauraya su yana iya yaudarar dillali, amma ba zai yaudari na'ura ba.

Haka kuma amfanin ƙaro ƙaruwa yake yi, domin abu ne mai ruɓewa ya koma ƙasa, saɓanin leda da ke toshe mana magudanai tana kashe awaki da shanu. A 2010 masu bincike a Malesiya sun nuna cewa tumatirin da aka shafa wa ruwan ƙaro yana daɗewa bai lalace ba. Mai kai kayan gwari kudu ya san ma'anar wannan.

Abin takaici, yaƙi ya tsayar da karatu a jami'o'in Khartoum da Omdurman, an wawushe ɗakunan bincike, malamai da yawa sun yi gudun hijira. Rahotanni a 2025 sun nuna ana fitar da ƙaron Sudan ta ɓarauniyar hanya zuwa maƙwabta, ciki har da Chadi, ana sayar da shi da araha ba tare da takardar shaida ba.

A ganinmu wannan araha tarko ce. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Ranar da aka mayar da kwantena guda daga Turai saboda gauraye, ba mai kayan kaɗai zai yi asara ba, duk ƙaron Barno da Yobe da Jigawa ne zai faɗi.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da su raba lamba ɗaya da lamba biyu tun daga buhu, su kuma tambayi asalin kayan da aka kawo musu, don kada kuɗinsu ya zama harsashi a kan 'yan'uwanmu. Muna kuma kira ga gwamnati da ta ƙarfafa tashar binciken ƙaro ta Gashuwa, jami'o'inmu kuma su buɗe ƙofa ga malaman Sudan da yaƙi ya kora, ta yadda ɗan kasuwa zai iya gwada kayansa kusa da gida kafin ya yi lodi.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.