Karatun Aku Ba Ya Cika Rumbu

Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Madalla. To amma mu 'ya'yan manoman Bichi da Ɗambatta, me muka kai gida daga ajin kemistiri?

Mun haddace cewa mol guda na yuriya, CO(NH₂)₂, giram 60 ne, 28 daga ciki naitirojin. Muka ci jarrabawa, muka watsar. Ashe wannan lissafi ne ya haifi lambar 46 da ke jikin buhun taki! Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, na NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5. Iyayenmu na sayar da akuya su sayi taki ba su san wannan ba, mu kuma mun yi gum. Maganin feshi ma da ka suke haɗawa: in ya yi ƙarfi ya ƙona wake, in ya tsinke tsutsa ta yi ƙiba.

Wallahi abin kunya ne! Malamai, ku shigo da buhun taki cikin aji. 'Yan'uwa ɗalibai, hutun damina mu koma gona da alƙalami a aljihu.