MOTA DA DIREBA: Ƙaramar BMW a Hannun Mai Iyali

Wani Alhaji, ɗan kasuwar goro mazaunin Agege a Ikko, ya shekara guda cur yana hawan ƙaramar BMW ɗin nan da a ke kira 1 Series. 'Yar Kwatano ce ya saya, ƙirar da aka yi daga 2011 zuwa 2019, mai inji lita 1.6 da giya takwas mai canza kanta. Ƙofofinta biyar ne, watau murfin but da gilashin baya tare su ke ɗagawa. Abin da ya gani a shekarar nan ya isa wanda ke tara kuɗi don irinta ya tsaya ya yi nazari.

Farkon abin da ya ke yaba mata shi ne tuƙi. Kullum da safe sai ya kutsa cunkoson Oshodi, kuma motar da tsawonta bai kai mita huɗu da rabi ba tana samun wurin ajiyewa inda manyan motoci su ke ta zagaye. Sitiyarinta ba ya gardama, birkinta ba ya wasa. Ran da ya hau babbar hanyar Ibadan zuwa Shagamu wajen abokan cinikinsa, sai ya ji ta kwanta a kan kwalta kamar an ɗaure ta. Dalili kuwa shi ne, injinta a miƙe ya ke, ƙafafun baya ne ke tura ta, nauyinta kuma an raba shi kusan daidai tsakanin gaba da baya. A zamaninta, sauran ƙananan motoci na ajinta, irin su Audi A3 da Volkswagen Golf, yawancinsu ƙafafun gaba ne ke jan su.

Wajen shan mai ma bai yi kuka da ita ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowane mai mota ya koyi lissafin lita. Ita wannan, in an tsaya a cunkoso injinta kan mutu da kansa, ya tashi da zarar an ɗaga ƙafa daga birki. Da fari abin ya firgita shi, ya zaci lalacewa ce, daga baya ya saba.

To, amma daɗin nan na mazaunin gaba ne. Farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya ta bi ta ƙarƙashin mota, ta tayar da tudu a tsakiyar wurin sa ƙafa. Saboda haka kujerar baya ta mutum biyu ce a gaskiya, na uku sai dai ya yi haƙuri. Alhaji kuwa yana da uwargida da 'ya'ya huɗu. Ran Sallah sai da aka yi sawu biyu kafin gidan ya hallara a masallacin idi, uwargida kuma ta ce masa, cikin ladabi, motar nan ai ta Alhaji ce shi kaɗai. But ɗinta lita 360 ne. Ya ɗauki cefane da jakar tafiya, amma huhun goro sai an kwantar da kujerun baya, in an kwantar kuwa babu sauran wurin fasinja.

Na biyu shi ne hanya. Motar gajeruwa ce, cikinta kusa da ƙasa. Wanda ya ƙera ta titin Jamus ya ke tunani, ba lungunan Agege da damina ba. In ruwa ya kwanta a titi, Alhaji ya kan tsaya ya jira, alhali kuwa 'yan danfo suna ta wucewa. In ya zo tudun rage gudu, sai ya karkace ya hau shi a hankali. Kowane rami kuma sai ya ji shi a ƙugunsa.

Na uku shi ne taya. Motar ba ta zo da safaya ba, ba a ma yi wa safayar wuri ba. Tayoyinta masu taurin gefe ne, waɗanda in sun sace a kan iya lallaɓawa da su kimanin kilomita 80, muddin ba a wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Dabara ce mai kyau inda shagon taya ya ke kusa. Ran da rami ya tsaga masa ɗaya bayan Magariba, mai faci na bakin hanya ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfin kayan aikinsa. Sai da motar ta kwana biyu kafin a samo irinta. Yanzu ya sayi safaya, ta kuwa cinye rabin but ɗin. Haka nan batir, a cikin but ya ke, in an canza shi sai an sa kwamfuta an shaida wa motar. Ba kowane bakanike ke da wannan na'ura ba.

Kamfanin da kansa ya sake shawara a 2019, ya mayar da sabuwar ƙirar mai jan ƙafafun gaba, wurin zama ya ƙaru, but ya kai lita 380. Watau har a Turai, yawancin masu saye sarari su ke nema.

Duk da haka Alhaji bai sayar da ita ba. Ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse, kuma in ya zauna a bayan sitiyarin nan gajiyar kasuwa ta kan sake shi. Sai dai yana neman tsohuwar mota mai faɗi saboda iyali, abin da bai shiga lissafinsa na farko ba.

Saboda haka wanda tambarin gaban mota ya ɗauke wa ido, kafin ya biya ya ƙirga mutanen gidansa, ya dubi titin ƙofar gidansa a watan Yuli, ya kuma tambayi bakanikensa ko ya taɓa buɗe irinta. In amsoshin uku sun yi daidai, ya saya, zai ji daɗinta. Allah ya kiyaye hanya.