Zanen zamani: Darasin da Katsina za ta ɗauka daga Zariya

Duk watan Nuwamba, masu sayen zane daga ƙasashe daban-daban kan hallara a baje kolin Art X Lagos, wanda aka fara a 2016. Harka ce ta kuɗi masu kauri: a 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2. Ina matashin Katsina mai baiwar zane yake a wannan kasuwa?

Baiwa kam akwai ta. Mai zayyanar allo, mai adon bango da mai rubuta allon shago duk masu fasaha ne. Sai dai zanen zamani kamar tukunya yake, bisa duwatsun murhu uku yake zama: mai zane, zauren baje koli, da marubucin da zai yi sharhi.

Zariya ta nuna haka. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane, suka dage kan haɗa dabarun Turai da al'adun gida. Amma sunansu ya ƙara fita ne da zauren Mbari ya buɗe a Ibadan a 1961, Bajamushen marubuci Ulli Beier kuma ya riƙa sharhin ayyukansu.

Zauren nan ya kuma baje ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, wanda ya gina zanensa kan haruffan Larabci. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa baje koli na musamman. Ga mai fargabar batun zana mai rai, wannan hanya a buɗe take.

Katsina na da wurin farawa. Gidan tarihi na ƙasa yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ɗaki ɗaya da za a keɓe wa sabbin ayyuka, ana sauya su duk wata uku, ya isa somin-taɓi.

Dutse na uku kuwa yana hannun 'yan jarida da malaman Jami'ar Umaru Musa Yar'adua. Zanen da ba a yi masa sharhi da Hausa ba, mai kuɗin Katsina ba zai san darajarsa ba, balle ya saya.