Kafin A Sayar Da Saniya Don Idon Kaka

Ya ke mai juna biyu, da kai maigida, wannan magana a kan idon tsofaffi take, amma ta shafe ku. A gidaje da yawa na Batsari da Safana, tun daga Ruma har Runka, kakar da ake sa ran za ta riƙe jariri ta kula da wankan jego ita ce wadda yana ta rufe wa ido. Ga kuɗin haihuwa, ga ragon suna, ga aikin ido, duk daga aljihu ɗaya. Don haka ya kamata ku san abin da ya zama dole ku biya, da wanda ba dole ba.

A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske. Idan shekaru suka ja sai ya dushe, shi ne ake kira yana. Ba a wanke ta da maganin ɗigawa. Likita kan cire madubin da ya dushe ya sa na roba a gurbinsa, galibi cikin ƙasa da rabin awa, ba tare da an sa mutum barci ba. Wani likita mai suna Harold Ridley ne ya fara wannan dashe a Landan a 1949. Da can madubin na da tsada ƙwarai, sai masana'antu irin su Aurolab, wadda aka kafa a Indiya a 1992, suka karya farashinsa har talaka ya samu.

Madubin roba da aka saba sawa yana gyara ganin nesa. Tsohuwa za ta gane fuskar mai sallama, ta je unguwa ba ɗan jagora, amma in za ta tsince shinkafa ko ta zura zare sai ta sa tabarau. Yanzu an fito da wasu masu tsada da ke miƙa gani daga nesa zuwa kamar tsawon hannu, irin su Symfony da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, da Vivity a 2020. Wasu asibitocin kuɗi na manyan birane suna tallar su, ɗan da ke aiki a Abuja kuwa yana son ya fitar da uwarsa kunya, sai ya ce a sa mata mafi tsada.

Ra'ayinmu shi ne a bi a hankali. An ce araha ba ta ado, amma a aikin ido ba farashi ke yanke hukunci ba, gaban idon ne. Wannan ɓawo mai sheƙi da ya lulluɓe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya, shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Madubi mai tsada yana buƙatar koniya mai sumul. Idan tana da hakiya, ko tudu da kwari, hasken a warwatse yake shiga, madubin da ke ƙara miƙa haske kuwa sai ya ƙara dagula shi. Mutum ya riƙa ganin kewaye a jikin fitila da dare, abubuwa su yi masa hazo-hazo, alhali an sayar da saniya. Ga irin wannan ido, sau da yawa madubin da aka saba shi ya fi ba da gani tar.

Akwai wani iri, IC-8 Apthera, da aka amince da shi a Amurka a 2022. Yana da ɗan ƙaramin rami a tsakiya da ke tace hasken da ya warwatse, kamar yadda mutum kan ƙanƙance ido ya hango abu. Wasu likitoci na sa wa masu koniya marar daidai, amma a ido ɗaya ake sawa, yana rage hasken da ke shiga, kuma bai dace da mai ciwo a can bayan ido ba. Duk waɗannan sai an yi awo na musamman, an kuma riƙa komawa asibiti. Wanda ya san halin hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu ya san zirga-zirga zuwa Katsina, balle Kaduna ko Kano, ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka, idan kun kai kaka asibiti, ku tambayi likita abu uku. Shin koniyarta lafiya take? Akwai hawan jinin ido ko ɓarnar ciwon suga a bayan idon? Sau nawa za mu dawo bayan aiki? Wanda ya kawo muku zancen madubi mai tsada tun bai auna ido ba, ku nemi jin ta bakin wani likitan.

Hatsarin da ya fi kusa da mu ma ba na tsada ba ne. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su tura yana cikin ido, su suka fi yi mana ɓarna. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama. Ya kuma nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, turawar gargajiya aka yi musu, kuma akasarinsu ba su gani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, ke fa, mai ɗauke da ciki? Koniyar da likita zai duba nan da shekara sittin, a hannunki take yau. Hakiya da yawa tun ƙuruciya take samo asali. Ki haihu a asibiti, inda za a share idon jariri a sa masa maganin kariya. Idan idonsa ya kumbura yana ruwa ko mugunya a watan farko, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Kada a ɗiga masa nono, ko ruwan ganye, ko a sa masa kwalli. Ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A suna cinye koniya cikin 'yan kwanaki, don haka a yi masa rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15, a kuma karɓi ɗigon bitamin A tun daga wata 6, duk bayan wata shida har ya kai shekara 5. Yaron da ke yawan murza ido saboda ƙaiƙayi a nema masa magani, don murzawa na iya lanƙwasa koniya. Wanda karan gero ko dawa ya tsokane wa ido lokacin girbi, kada a jira sai ya yi fari. In kuma kin ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ko ba ya bin haske, wannan na gaggawa ne, don jariri ma ana haifarsa da yana, kuma jinkiri na hana idon koyon gani.

Kuɗin da za a zuba a madubin da bai dace da ido ba, ya isa a yi wa kaka aiki a ido biyu, a saya mata tabarau, a bar na mota ranar naƙuda. Ku kawo ta a duba ta tun kafin ki sauka, don ta ga jikanta da idonta. Allah ya raba lafiya.